Wa Ke Cinye Takin? Yadda Ciyayi Masu Yaɗo Ke Bin Sawun Abinci a Gona

Da ruwa ya sauka sau biyu ko uku, gonakin karkarar Kano sukan tona asirin abin da aka yi musu da rani. Duk inda jaki ya sauke mangalar taki a watan Maris ko Afrilu, aka bar tsibin ya jima kafin a baza shi, nan ake fara ganin kore shar a zagaye. Geron da ya dace da wurin yakan yi duhu don ƙoshi. Taku biyar daga nan kuwa, shukar rana ɗaya ce, iri ɗaya, amma ta tsaya tana rawaya.

Ba gero kaɗai ke lura da wannan bambanci ba. Daga kan iyakar gona, kiri-kiri na miƙo yaɗonta bisa ƙasa, gaɓa bayan gaɓa. Inda yashi ne fari fat takan wuce da 'yan siraran ganye. Tana isa gurbin taki sai ta kafa saiwa, ta fasa rassa ta ko'ina, kafin a shiga noman fari ta shimfiɗe wurin. Mai noma ya sa hannu ya ja kai ɗaya, sai ga igiya mai tsawon kamu huɗu ko biyar ta taso, har can kan yashin da ba a zuba wa komai ba. Wani abin lura kuma, kawunan da ke kan yashin ma sun murmure.

A da, ana iya kawar da kai ga irin wannan. Yanzu ba hali. Tun daga 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya hargitsa kasuwar taki ta duniya, sannan darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin buhun yuriya da na kamfa ya ninka fiye da sau biyu. Manomin da ya saba sayen buhu uku ya koma ɗaya, wani ma sai dai awo da kwano. Kowace ƙwaya ta zama abin lissafi, tambayar kuma ita ce: cikin abin da aka zuba, nawa ne ya shiga cikin shuka, nawa ne ya tafi cikin ciyawa? Masana tsirrai sun kwashe fiye da shekara arba'in suna nazarin yadda masu yaɗo ke neman abinci, kuma abin da suka gano ya nuna cewa inda aka ajiye taki na iya yin tasiri daidai da yawansa.

Kai dubu, jiki ɗaya

Gero, dawa, masara da wake duk halinsu ɗaya ta wannan fuska. Inda ƙwaya ta faɗi, nan za ta tsiro, nan za ta mutu, abin da saiwarta ta tarar shi ne rabonta. Masu yaɗo ba haka suke ba. Wasu suna tafiya ta saman ƙasa, kamar dankali, duman rafi da sitiroberi, ko ta saman ruwa kamar kainuwa. Wasu ta ƙarƙashi suke bi, kamar tofa, kachalla, aya da 'yar uwarta aya-aya. Kiri-kiri ta haɗa duka biyun.

A kowace gaɓa ta yaɗon akwai ido. Idan ya samu danshi sai ya saki saiwa ƙasa, ya tura ganye sama, ya zama cikakken tsiro wanda ko an yanke shi daga uwar zai rayu. Shi ya sa a shekarun 1970 masanin nan John Harper na Jami'ar Bangor da ke Wales ya dage cewa a irin waɗannan tsirrai dole a bambanta abu biyu: dukkan jikin da ya samo asali daga ƙwaya guda, da kuma kowane kai da ke tsaye da saiwarsa.

Jikin na iya kai girman da hankali ba zai ɗauka ba. A jihar Yuta ta Amurka akwai wani kurmi da ake kira Pando, mai faɗin hekta arba'in da ɗoriya da itatuwa fiye da 40,000, amma duk tsiro ɗaya ne da ya yaɗu ta saiwa. A 2022 masu bincike a Ostireliya suka ba da rahoton wata ciyawar teku a gaɓar yammacin ƙasar wadda ta miƙe kimanin kilomita 180, ita ma daga tushe guda, shekarunta kuma sun haura 4,000.

A 1981, Lesley Lovett Doust ta kasa salon tafiyarsu gida biyu, ta aro sunayen daga fagen yaƙi. Akwai 'yan sari-ka-noƙe, masu dogon yaɗo da ke kutsawa tsakanin wasu tsirrai su dasa kai nan su dasa can. Akwai kuma masu tafiya sahu guda kafaɗa da kafaɗa, suna faɗaɗa a hankali ba sa barin kowa ya ratsa su. Kiri-kiri na kashin farko. Tushen gamba, wanda ke ƙara kauri kowace damina ba tare da ya bar wurinsa ba, yana na biyu.

Ƙasar gona ɗaya ba ɗaya ba ce

Wannan tafiya ba za ta yi amfani ba da a ce abinci a baje yake daidai wa daida cikin ƙasa. Ba haka yake ba, kuma manoman Sahel sun riga kowa sani. Sun san ƙarƙashin gawo ya fi fili, sun san gurbin tsohon suri, da kufai, da inda shanun makiyaya suka kwana da kaka, da gindin sabara inda iska ke tara ƙura da ganye. A cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, binciken shekarun 1990 ya tabbatar da hakan da awo: cikin gona ɗaya, tsakanin 'yan mitoci, amfanin gero na iya bambanta ninki-ba-ninki.

Su kansu sinadaran ba halinsu ɗaya ba. Naitirojin da yuriya ke bayarwa yana bin ruwa, yau yana nan, bayan mamako biyu ya nutse ko ya gangara. Fosforas kuwa, wanda shi ne babban abin da yashin Sahel ya rasa, da ƙyar yake motsawa daga inda aka ajiye shi. Sai saiwa ta je ta same shi.

Saiwa kuwa tana zuwa. A 1975, Malcolm Drew a Ingila ya shuka sha'ir ta yadda sashe ɗaya kawai na saiwar ke samun abinci mai yawa. A daidai wannan sashe sai ƙananan saiwoyi suka fito cunkus idan abincin naitirojin ne ko fosforas, amma da aka gwada da fotashiyam ba su yi haka ba. Wannan aikin saiwar tsiro ɗaya ke nan, wanda ba ya iya barin wurinsa. Sai masana suka tambayi kansu: to yaya wanda ke iya dasa sabon kai da sabuwar saiwa a duk inda ya ga dama?

Abin da akwatunan Sussex suka nuna

Amsar da ta fi shahara ta fito ne daga Jami'ar Sussex a kudancin Ingila, inda Michael Hutchings da ɗalibansa suka shafe shekaru suna aiki da wata 'yar ciyawa mai rarrafe, dangin na'a-na'a, mai suna Glechoma hederacea. A 1987, shi da Andrew Slade suka nuna cewa idan abinci ya wadata, tana yin gajerun gaɓoɓi da rassa masu yawa, sai kawunanta su taru a wuri ɗaya. Idan ya yi ƙaranci, rassan su ragu, gaɓoɓin su ɗan ƙara tsawo, ta wuce gaba. Suka kira wannan hali kiwo, wato yadda dabba ke daɗewa inda ciyawa take, ta yi sauri inda babu.

Gwajin 1994 da ya yi tare da Colin Birch shi ya fi jan hankali. An cika manyan akwatuna da yashi da ƙasa mai taki, kowane akwati da adadin taki iri ɗaya. A wasu an cakuɗa komai daidai. A wasu kuma an tara rabin takin a da'ira guda a tsakiya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na faɗin akwatin da yawa ba. Da aka zo auna nauyi, ciyawar da ke akwatin da aka tara taki wuri ɗaya ta ninka ɗayar sau biyu da rabi. Kusan kashi 80 cikin ɗari na saiwarta kuma cikin wannan 'yar da'ira yake, alhali ganyenta ya bazu ko'ina a akwatin.

Taki ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya. Shimfiɗar takin kawai aka sauya.

Sai dai ba kowane tari ke yi mata daɗi ba. A 1997, Dushyantha Wijesinghe da Hutchings suka yanka ƙasar akwati gida-gida, wani gidan mai taki wani maras taki, suna sauya girman gidajen. Ciyawar ta fi girma inda gidajen suka kai kamar santimita 25 kowane gefe. Da aka ƙanƙanta su sosai sai ribar ta gushe, domin saiwar kai ɗaya kan ratsa mai kyau da maras kyau a lokaci guda, ta kasa bambancewa balle ta zaɓa. Ke nan girman gurbin ma abin dubawa ne.

Ci daga tukunya ɗaya

Yaya aka yi kawunan da ke kan yashi suke ƙoshi? Yaɗon ba igiyar ɗauri ba ce kawai. A cikinsa akwai hanyoyi iri biyu, ɗaya na ɗaukar ruwa da sinadarai daga saiwa, ɗaya na ɗaukar sukarin da ganye ya haɗa da hasken rana. Muddin ba a yanke ba, abin da wani kai ya samu yana iya isa ga wani. Masu bincike sun bi sawun wannan ta hanyar ba kai ɗaya naitirojin mai alama, sannan su same shi a jikin kawunan da ke nesa.

Peter Alpert ya yi wannan aiki a tudun yashin gaɓar tekun Kalifoniya da sitiroberin daji. Can ƙasar ba ta da isasshen naitirojin sai ƙarƙashin wasu ƙananan itatuwa dangin wake, inda kuma inuwa ta yi yawa. A wani gwaji da aka buga a 1991, an sa kai ɗaya a rana ba abinci, ɗan uwansa a inuwa da abinci. Waɗanda aka bari a haɗe sun fi waɗanda aka raba girma, domin wannan na aika sukari, wancan na aiko da naitirojin.

A Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Josef Stuefer da Hans de Kroon da Heinjo During suka gano wani abu da ya saɓa wa abin da aka saba koyarwa. Tsiron da ke shi kaɗai yakan ƙarfafa gaɓar da za ta nemo abin da ya rasa: a ƙasa maras ƙarfi ya yawaita saiwa, a inuwa ya yawaita ganye. Kawunan da ke haɗe kuwa akasin haka suke yi. Wanda ke kan wadatar ƙasa shi ke yawaita saiwa, wanda ke cikin rana shi ke yawaita ganye, kowa ya ƙware a kan abin da ya fi arha a wurinsa. A gwajinsu na 1996 kan wata ciyawa dangin wake, wannan rabon aiki ya ƙara nauyin tsiron da fiye da rabi. Abin ya yi kama da gandu: wani na fadama, wani na jigawa, wani na kasuwa, amma rumbu ɗaya ne, tukunya ɗaya.

Zaman tare na da nasa farashin. Cutar da ta kama kai ɗaya tana bin hanyar nan ta mamaye sauran, shi ya sa irin dankalin da aka daɗe ana yanka daga gona ɗaya yakan lalace. Kuma rabon ba kullum yake tafiya ta kowane ɓangare ba. A tsirrai da dama ya fi gudana daga tsofaffin kawuna zuwa sababbi na bakin yaɗo, waɗanda ba su riga sun kafa saiwa ba.

Bakin masana bai zo ɗaya ba

Batun kiwo ya yi farin jini, amma bai tsira daga suka ba, har daga waɗanda suka kawo shi. A 1995, de Kroon da Hutchings suka sake duba gwaje-gwajen da aka yi a kan tsirrai masu yawa. Suka ga cewa gajarta gaɓa saboda taki ba kowane tsiro ke yi ba, inda ake yi ma sau da yawa bai kai ya tsayar da tsiron a gurbi mai kyau ba. Abin da ya fi tabbata shi ne yawaita rassa da saiwa. A ganin wasu, wannan ba wani zaɓi ba ne, girma ne kawai: wanda ya ci ya ƙoshi dole ya haihu.

Kiri-kiri ma ta shiga wannan muhawara. A 1994, Ming Dong da de Kroon suka gwada ta da haske da taki daban-daban. Yaɗonta na sama ya sauya kama gwargwadon yanayi, yana rage rassa idan abinci ko haske ya yi ƙaranci. Na ƙarƙashin ƙasa kuwa kusan bai damu ba. Suka fassara hakan da cewa na sama shi ne mai fita nema, na ƙasa kuma ma'aji ne na abinci da idanu masu jiran ranar da za a sare na sama ko wuta ta cinye shi. Duk wanda ya taɓa nome kiri-kiri ya dawo bayan mako biyu ya tarar da ita ya ga aikin wannan ma'aji.

Akwai kuma masu tunatar da cewa yawancin gwaje-gwajen nan a tukwane da akwatuna aka yi su, da tsirran Turai da Amurka, ba tare da maƙwabta masu gasa ba. A gona ta gaske, gurbin taki ba na mai yaɗo kaɗai ba ne. Wanda ya riga isa shi ke cin kaso mafi tsoka.

Lokacin da taki ya koma hannun abokin gaba

A 1977 LeRoy Holm da abokan aikinsa suka fitar da jerin ciyayin da suka fi addabar noma a duniya. Aya-aya ce ta ɗaya, an same ta tana ɓarna a ƙasashe sama da 90. Kiri-kiri ta biyu. Tofa na cikin goman farko. Duka ukun masu yaɗo ne.

Aya-aya ita ce ciwon kan masu lambu, musamman a fangalin albasa, karas da tumatir, inda ruwa da taki ba sa yankewa kuma shukar ba ta da inuwar da za ta danne ta. Tana jera 'ya'yanta a ƙarƙashin ƙasa a sarƙe, kuma muddin sarƙar na haɗe, na gaba kan hana na baya tsirowa. Garma ko fartanya ta tsinka ta, sai waɗanda ke barci su farka. Wani bincike da L. I. Okafor da S. K. De Datta suka buga a 1976 daga cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ya nuna cewa ƙara naitirojin a gonar shinkafar tudu mai aya-aya ya fi amfanar ciyawar a kan shinkafar, har asarar da take jawowa ta ƙaru.

Tofa kuma ta wata ƙofar take shigowa. Ita gonar da ta gaji take so, wadda ake ƙonawa kowace shekara, domin abin da ta tara a ƙasa yana ba ta damar tsirowa kafin kowa. Binciken cibiyar IITA ta Ibadan ya nuna rauninta shi ne inuwa: shuka mai rufe ƙasa irin mukuna, ko masarar da ta samu taki ta yi saurin haɗe kai, tana raunana ta ƙwarai. A nan taki na taimakon manomi ne, idan shukar ce ta same shi.

Inda ragowar takin ke ƙarewa

Abin da shuka da ciyawar gona ba su ci ba, ruwa ne ke tafiya da shi, can ma akwai masu yaɗo suna jira. Mutanen dausayin Hadeja da Nguru sun san haka a jikinsu. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin da a da yake cika da damina ya ƙafe da rani sai ya koma gudana kusan duk shekara. Kachalla, wadda ba ta jure dogon fari, ta samu abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa irin su Marma, ta cinye dubban hektocin gonaki da wuraren kiwo da na su, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero.

Sauyin tafiyar ruwa shi ne babban dalili, amma abin da ruwan ke ɗauke da shi daga gonakin noman rani yana ƙara mata ƙarfi. Misalin da aka fi nazarta yana dausayin Everglades na jihar Fulorida. Irin wannan kachallar ce dai, kuma ta mamaye ne daidai wuraren da ruwa mai ɗauke da fosforas daga gonakin rake ke shigowa, ta kori ciyawar asali wadda ta saba da ƙarancin abinci. A kogin Senegal ma kachalla ta mamaye bayan gina madatsar Diama a 1986.

Haɗin jikin da ke ba ta ƙarfi nan ne kuma lagonta. Karan da ke sama da ruwa su ke shigar da iska zuwa ga yaɗon da ke cikin laka. In aka yanke su ƙasa da fuskar ruwa, aka maimaita, sai yaɗon ya shaƙe. Wasu kuma sun zaɓi a ci moriyarta: a Muritaniya da Senegal ana yin gawayi da ita, a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa kuma an yi gwajin mayar da ita abincin dabbobi da iskar girki.

Ba kowa ke ƙin su ba

Abin da mai lambu ke la'anta, makiyayi nema yake. Da rani, kiri-kirin bakin fadama na cikin ɗan koren da ke saura wa tumaki, shanu da dawaki, kuma kiwo ba ya kashe ta. Ita ke riƙe gaɓar magudanar ruwa kada ta zaizaye, ita ake shimfiɗawa a filayen ƙwallo. A Tifton ta jihar Jojiya, Glenn Burton ya haɗa wata kiri-kirin gida da wata daga Afirka ta Kudu, ya fitar da iri mai suna Coastal a 1943. An dasa shi a miliyoyin eka a kudancin Amurka, ba don komai ba sai don yadda yake mayar da naitirojin ciyawar dabbobi.

Masu noman dankali kuwa da mai yaɗo suke hulɗa kai tsaye, sun kuma san sharrin yawan yuriya: ganye ya yi ta haukan yaɗo, a tona kunya a tarar ba komai. Dankali ya fi buƙatar fotashiyam, abin da toka da takin gida ke bayarwa. Wasu manoman sukan bi suna ɗaga yaɗon daga ƙasa don kada ya kafa saiwa a kowace gaɓa, abincin ya watsu a kan 'yan ƙananan dankali barkatai maimakon ya taru a gindi. Masu sitiroberi a Chaha da ke kusa da Vom a Filato su ma lissafin ke nan: mai son 'ya'ya yakan tsinke yaɗo, mai son irin dashe ya bar shi ya kafa. A yankin Maraɗi kuwa, inda aya ta zama amfanin sayarwa, an san ta da cin taki da gajiyar da ƙasa.

Murfin kwalba da bakin fartanya

A taron ƙolin da aka yi a Abuja a 2006, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ɗaga yawan takin zamani da ake sawa daga kimanin kilo 8 a hekta zuwa 50 kafin 2015. Ba a cim ma wannan buri a kan lokaci ba, kuma da tsadar yau, ƙaramin manomi ba shi da ta cewa a kan yawa. Abin da ke hannunsa shi ne wuri da lokaci.

Nijar ta yi gaba a nan. Tun shekarun 1990 ICRISAT da abokan aikinta suka gwada sa ɗan taki, daga giram 2 zuwa 6, wato tsunkule ɗaya zuwa cikin murfin kwalba, a ramin shuka. Rahotanninsu daga Nijar, Mali da Burkina Faso sun nuna ƙarin amfanin gero da dawa daga kusan rabi har zuwa ninki. A Ilela ta jihar Tawa, ramukan tassa da ake zuba wa takin gida sun farfaɗo da ƙasar da ta zama fako. A Kanada ma, gwaje-gwajen Robert Blackshaw a gonakin alkama sun nuna cewa binne naitirojin kusa da layin shuka yana rage ciyawa idan aka kwatanta da watsa shi.

In aka ɗora wannan a kan sakamakon Sussex, abu biyu ke fitowa. Tara taki wuri ɗaya riba ce babba ga duk tushen da ya riga kai wa gare shi. Tsunkulen da aka binne a gindin gero ƙarami ne, saiwar geron na kansa tun ranar farko. Tsibin da aka bari makonni a fili, ko yuriyar da aka watsa a kwarin kunya, gurbi ne mai faɗi wanda kai ɗaya na kiri-kiri zai iya kafuwa a ciki ya ciyar da sauran jikinsa. Shi ya sa malaman gona ke nanata a yi noma kafin a sa taki, a binne shi a ɗan nesa da gindin shuka a rufe, a kuma share kan iyaka inda yaɗo ke fakewa.

Sauran dabarun ma daga halin tsiron aka samo su. Maganin feshi mai ƙone ganye kawai ba ya taɓa ma'ajin da ke ƙasa, sai mai bin jiki, shi ma ya fi ci idan ciyawar na ɗanya tana girma kuma ba a riga an daddatsa ta ba. Kaftun rani da ke fito da 'ya'yan aya-aya da yaɗon kiri-kiri fili yana kashe su, domin kimanin mako biyu a zafin bazara ya isa ya busar da su, alhali irin wannan kaftu a jiƙaƙƙiyar ƙasa dashe ne kawai aka yi musu.

Masu suka na da hujjarsu. Wasu masana ƙasa na gargaɗin cewa tsunkulen taki na sa shuka ta zuƙe fiye da abin da aka ba ta, don haka in ba a haɗa da takin gida da barin kara a gona ba, ƙasar za ta ƙara talaucewa. Manoma kuma kukansu aiki ne. Hekta ɗaya ta gero na da ramuka dubbai, kowanne sai an sunkuya, kuma aikin na faɗowa ne a makon shuka, lokacin da kuɗin ƙwadago ya fi tsada. Mai lambun da ke noma sau uku a shekara ba shi da mako biyun da zai bar fangali ya bushe. Saboda haka wasu sun koma cakuɗa iri da ɗan taki su shuka tare, duk da haɗarin ƙonewar tsiro idan ruwa ya yi jinkiri, cibiyoyin bincike a yankin kuma na ci gaba da gwada ƙananan na'urorin da dabba ke ja, masu sauke iri da taki a tafiya ɗaya.